Maganin yana cikin rumbunmu, amma ba mai rubuta shi

Ku je ƙofar kowace likita a ƙasar Arewa ta jihar Doso da hantsi, daga Sukukutan har Gesheme, ku dubi abin da masu jinya ke riƙe da shi. Burodi ne cikin leda da kofin shayi mai madara. Mun mai da shi abincin marar lafiya. Wanda ya zo dubiya da ƙwaryar fura sai a ga kamar bai yi ƙoƙari ba, wanda ya shigo da sandar burodi da fakitin biskit shi ne ya san darajar zumunci. To ni yau ina so in faɗa da babbar murya cewa akwai yaran da wannan burodin shi ne ciwonsu. Shi ke sa su zawo, shi ke hana su girma, kuma daga gidan likitar ƙauye har babban asibiti ba a ko tambayar uwa me ɗanta ke ci.

Likitoci na kiran cutar siliyak. A cikin alkama da sha'ir akwai wani sinadari, gulutin, wanda shi ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo ya tashi. Yawancin mutane na cinsa lafiya lau har su tsufa. Amma wanda ya gaji halittar cutar, da zarar gulutin ya isa hanjinsa sai garkuwar jikinsa ta juya ta afka wa hanjin. Bangon ƙaramin hanji cike yake da ƴan tsirai ƙanana birjik kamar gashin tawul, su ne ke tsotse amfanin abinci su kai shi jini. Cutar na cinye su har wurin ya zama sumul. Daga nan komai yaro ya ci wucewa zai yi. Sai zawo mai wari da maiƙo wanda ba ya jin magani, ciki ya kumbura, ɗuwawu ya tsotse, ƙafafu su sirance, jini ya yi ƙasa, yaro ya zama mai yawan kuka da ƙunci. Babba kuma yana iya shekaru da kasala da ƙarancin jini da ciwon ƙashi, mace ta yi ta ɓari, ba a san dalili ba. A duniya ana ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 100 na da ita, kuma mafi yawansu ba su sani ba. Ba ƙwayar da ke warkar da ita, ba allura. Maganinta ɗaya ne tak: a bar alkama da sha'ir har ƙarshen rayuwa. In an bari, hanji ya farfaɗo, yaro ya murmure cikin ƴan watanni.

Yunwa ce ta tona asirin wannan cuta. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, ya daɗe yana zargin alkama. A hunturun ƙarshe na yaƙin duniya na biyu, tsakanin 1944 da 1945, burodi ya ɓace a ƙasarsa, mutane na mutuwa da yunwa, amma yaran da ke kwance da wannan zawo sai suka fara samun sauƙi. Da burodi ya dawo, ciwo ya dawo. A 1950 ya rubuta bincikensa. Shekara saba'in da ɗoriya ke nan da duniya ta san wannan. Mu har yau maganar ba ta iso ɗakin awon yara na Matankari ba.

Su can da suka gane, me suka yi? A Ingila, tun ƙarshen shekarun 1960 likitan unguwa ke rubuta wa mai cutar abinci a takardar magani, ya je farmasi ya karɓi burodi da gari marasa gulutin kamar yadda ake karɓar ƙwaya. A 2018 gwamnati ta taƙaita abin ga burodi da garin kwaɓi kaɗai don rage kashe kuɗi, wasu yankuna ma sun daina gaba ɗaya, kuma har gobe ana ta cacar baki a kai. A Faransa asusun inshorar lafiya na mayar wa mai cutar kashi 60 cikin 100 na abin da ya saya, bisa iyakar Yuro 45.73 a wata ga babba, 33.54 ga yaro ɗan ƙasa da shekara 10. Ku juya na babban zuwa sefa: jika talatin ke nan, daidai da mafi ƙanƙantar albashin ma'aikaci a Nijar kafin a ɗaga shi zuwa jika arba'in da biyu a 2024. Dole su biya, domin alkama ce tuwonsu, ita ce furarsu. Wanda aka hana alkama a Faransa an hana shi cimar gidansu, abin da zai maye gurbinta kuma kamfani ke yinsa da tsada.

Mu fa? Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Abincin da suke biya wa mutanensu da kuɗin gwamnati, mu shi muke nomawa. Gero ba shi da gulutin. Dawa ba ta da shi. Masara, shinkafa, rogo, wake, gujiya, gyaɗa, riɗi, zogale, yakuwa, kuka, duk babu. Dankalin Turawan da manoman rani ke fitarwa a lambunan Dogon Dutsi har ana loda shi zuwa Yamai, babu. Beruwar da matan Arewa ke murzawa da garin wake, wadda aka san mu da ita a faɗin ƙasa, babu. Mai wannan cuta a Dumega ko Kore Mairuwa ba ya bukatar ko dala ɗaya ta tallafi don ya sayi abincin kamfani. Abu biyu yake bukata: a gane ciwonsa, sannan wani mai farar riga ya ɗauki biro ya rubuta masa abin da zai ci da abin da zai bari. Wannan ɗan abin ne muka kasa.

Na san abin da za a ce mini, don an sha faɗa: cutar Turawa ce, baƙar fata ba ya yinta, kada a ɗauke mana hankali daga zazzaɓin cizon sauro da tamowa. Zan ba masu wannan magana haƙƙinsu. Gaskiya ne mafi yawan zawon yaranmu daga ruwa marar tsabta yake, da tsutsar ciki, da ƙazantar muhalli, da yunwa tsagwaronta. Gaskiya ne kuma wani binciken da aka yi a Burkina Faso a farkon shekarun 2000 bai samu masu cutar ba cikin waɗanda aka gwada. Ban ce kowane yaro mai kumburin ciki siliyak gare shi ba, kuma duk wanda ya ce haka maƙaryaci ne.

Amma a duba arewa da mu. A 1999 wasu likitocin Italiya ƙarƙashin Carlo Catassi suka gwada yara kusan dubu na Saharawi, mutanen Yammacin Sahara da ke zaman gudun hijira a sansanonin Tinduf cikin Aljeriya. Sun samu kashi 5.6 cikin 100 na ɗauke da cutar, adadin da ya ninka na Turai sau biyar, kuma yana cikin mafi yawa da aka taɓa gani a duniya. Mutanen nan makiyaya ne, nonon raƙumi da nama suka sani. Gudun hijira ya mai da garin alkamar agaji babban abincinsu, halittar da ke kwance cikin jininsu ta tashi. Kafin a gwada su, me ake cewa yana damun yaran? Tamowa da zawo, irin dai abin da ake rubuta wa namu. A Aljeriya da Libiya da Sudan likitocin yara sun daɗe suna ganin cutar. Waɗannan ba Turawa ba ne, maƙwabtanmu ne, da su muke fatauci da auratayya tun zamanin ayari. Wa ya gaya mana cutar na tsayawa a kan iyaka ta nuna takarda? Wanda bai gwada ba ba shi da bakin cewa babu.

Sannan cimarmu ta canja, kowa shaida ne. Kakanninmu a Dallol Mawri sai su shekara ba su ɗanɗana alkama ba, in ba alkaki ko taliyar biki ba. Yau ku tsaya a tashar Dutsi, kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi Doso ta nufi Ƙonni, ku ƙirga masu teburin shayi. Ku leƙa ƙofar lakkol lokacin fitowa shan iska: fanke, cincin, biskit ɗin dala biyar, taliyar leda da ke shigowa daga Najeriya. Makaroni ya zama abincin baƙo, kuskus na kanti ya zama na amarya. Yaron da aka yaye da kunun gero a da, yau ana tsoma masa burodi a shayi tun bai yi haƙori ba. Alkamar nan kusan duk daga waje ake shigo da ita, da kuɗinmu. Mun sayar da wake da gero mun sayo fulawa, sannan muna mamakin sabbin cututtuka.

Na ga abin da idona a cikin danginmu. Ɗiyar ƙanwata lafiyarta lau har aka yaye ta. Bayan yaye sai zawo ya kama ta, ya tafi ya dawo. Tsofaffi suka ce haƙori ne. Haƙora suka gama fitowa, zawo bai tsaya ba. Aka ce iska ce, aka yi turare, aka sha rubutu, aka sayar da akuya. A likita kuwa, kowane zuwa sai a ɗora ta kan sikeli, a zagaya mata ɗan zaren awo a dantse, ya nuna ja, a rubuta ruwan gishiri da sukari da maganin tsutsa da na ƙwayoyin cuta. Da ta yi tsanani aka kwantar da ita ɗakin masu tamowa, ana ba ta madarar asibiti da kwaɓin gyaɗar nan na cikin leda. Cikin ƴan kwanaki ta farfaɗo, har tana dariya. Aka sallame su. Ubanta don murna ya sayo mata katan ɗin biskit da burodi kullum safe, wai ta ƙara ƙiba. Ba a yi wata ba ta koma gidan jiya.

Ranar da ƙanwata ta mai da ita, wata ma'aikaciya ta dube ta a gaban mutane ta ce, "Ke dai faɗi gaskiya, sayar da abincin kike yi ko ƴan uwanta kike ba?" Ƙanwata ta zo mini tana hawaye. Ta ce, "Yaya, wallahi tana ci. Ta fi yayyenta ci. Abincin ne ba ya zama jikinta, kuma ga shi an mai da ni ɓarauniya." Sai da muka kai yarinyar birni, wani likitan yara ya zauna ya yi tambayar da ba wanda ya taɓa yi: "Hajiya, me take ci daga safe zuwa dare? Faɗa mini ɗaya bayan ɗaya." Ya sa aka ɗebi jini, aka jira sakamako, aka biya kuɗin da ya fi ƙarfin manomi. Da ya tabbata, takardar da ya rubuta ba ƙwaya ko ɗaya a cikinta sai maganin ƙarin jini. Sauran duk abinci ne: kunun gero da gyaɗa, fura da nono, tuwon dawa, wake, ƙwai, zogale. Yau yarinyar tana lakkol. Amma ta fi sa'o'inta gajarta, kuma wannan tsawon da ta rasa wa zai biya ta?

Ku lura da abin da ya faru a ɗakin tamowa. Madarar asibiti da kwaɓin gyaɗa ba alkama a cikinsu, shi ya sa ta warke ba tare da kowa ya san dalili ba. Duk yaron da ke murmurewa a asibiti ya koma gida ya sake zubewa, ya dawo ya murmure ya sake zubewa, alhali gidansu akwai abinci, wannan yaro yana faɗa wa ma'aikatan lafiya wani abu. Maimakon a saurare shi, sai a zargi uwarsa. Wannan zalunci ne, kuma ina kiransa da sunansa.

Kada wani ya ce mini rubuta abinci a takardar magani baƙon abu ne a Nijar. Mu ne ma muka koya wa duniya shi. A yunwar 2005, a Maraɗi, ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta yi jinyar dubban yara a gidajen iyayensu da Plumpy'Nut, kwaɓin gyaɗa da madara da sukari da mai wanda André Briend da kamfanin Nutriset suka ƙirƙira a 1996. Abin da aka gani a Maraɗi na cikin hujjojin da suka sa duniya ta karɓi wannan hanya. Ana sarrafa shi a Yamai, a kamfanin STA. Yau majo na kowace likita ya san yadda zai auna yaro ya rubuta masa leda kaza a mako. Tun 2006 doka ta ce jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ce. A 2024 hukumomi suka rage kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje da rabi a asibitocin gwamnati. Duk na yaba. Amma me amfanin kyautar da za ta ba yaro maganin tsutsa sau bakwai, ba ta ba shi gwajin da zai raba shi da asibiti gaba ɗaya ba? Ku haɗa kuɗin kwanciya da madara da magunguna da aka kashe kan yaro ɗaya irin wannan, ku gwada da kuɗin gwajin jini guda. Ko don tattalin baitulmali ya kamata a yi.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin kowa ba. Akwai gwajin gaggawa na wannan cuta da ake yi da ɗigon jini daga yatsa, irin na zazzaɓin sauro da kowace likitar ƙauye ta saba da shi. Ban ce a raba shi ko'ina ba. A ajiye shi a asibitin gundumar Dogon Dutsi da gundumar lafiya ta Tibiri da cibiyar uwa da yaro ta Doso, a keɓe shi ga yaran da tamowarsu ke dawowa, da masu zawon da ya wuce makonni, da manyan da ƙarancin jininsu ya ƙi jin magani. Wanda gwajin ya nuna, a tura shi Yamai a tabbatar, inda ake iya leƙa hanji da na'ura. A makarantun koyon aikin jinya da tsangayar likitanci ta Jami'ar Abdu Mumuni a koya wa ɗalibai su riƙa tambayar cima kafin su ɗauki biro. Kuma a fara rubuta adadin waɗanda aka samu, mu san inda muke, mu daina rantsuwa da binciken wasu ƙasashe.

A nan dole in ja kunnen iyaye. Kada wanda ya karanta wannan ya yanke wa ɗansa hukunci da kansa. In aka daina ba yaro alkama kafin a ɗebi jininsa, gwajin na iya fitowa ba komai alhali cutar na nan. A fara gwaji, sannan a canja cima. Kuma zawon yaro ko wane iri ne, a kai shi likita da wuri.

Bayan gwaji sai takarda, kuma takardar nan ita ce rabin magani. A gidajenmu maganar uwa ba ta wuce ta kaka da ta miji. In uwa ta ce kada a ba yaro burodi, za a ce rowa ce ko iyayi. In ta fito da takarda mai hatimin likita, sai kowa ya shiga taitayinsa. Don haka a buga ta da Hausa, da boko da ajami, da zane don wadda ba ta karatu. Kuma wanda zai rubuta ta ya san kasuwarmu, domin tarkon yana ɓoye inda ba a zato. Ɗan wake sunansa na wake, amma masu sayarwa da yawa fulawa suke zubawa, wasu ma ita ta fi yawa. Wasu masu masa na ƙara fulawa don ta tashi. Mai tuya na soya fanke da ƙosai cikin mai ɗaya. Injin niƙan da ya niƙa alkama yanzu shi zai niƙa geronka in an jima. Wasu dunƙulen ɗanɗanon miya akwai garin alkama a cikinsu, alhali daddawarmu ta kalwa ko ta batso ba ruwanta. Ma'aunin duniya ya ce abinci ba ya amsa sunan marar gulutin sai abin da ke cikinsa bai wuce miligiram 20 a kilo ɗaya ba, wato ɓarɓashin burodi kan faranti ya isa ya tayar da ciwo. Takardar da aka kwafo daga littafin Faransa ba za ta san ɗan wake ba. Sai ɗan Arewa ya zauna ya rubuta ta.

Su ma masu kawo agaji a faɗa musu. Cikin kayan da ake rabawa a duniya lokacin fari ko gudun hijira akwai garin alkama haɗe da waken suya, akwai biskit mai ƙarfi da aka yi da alkama. Ga mafi yawan yara alheri ne, ga mai siliyak guba ce. Ga garin Misola da ake haɗawa da gero da waken suya da gyaɗa a nan yankinmu na Sahel. Ga geron Chakti mai yawan sinadarin ƙarin jini da masu bincike na ICRISAT da INRAN suka fitar a Nijar a 2018, wanda ya dace da yaron da cuta ta tsotse wa jini. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 sukutum don gero da danginsa. An yi taruka, an yi jawabai, an watse. Wane asibiti ne a jihar Doso ya canja abin da yake gaya wa masu jinya saboda haka?

Abin da nake tsoro, kuma alamunsa sun fara a manyan birane, shi ne a mai da wannan ciwo kasuwa. A cika kantunan masu kuɗi da taliya da biskit na Turai masu tambarin babu gulutin, fakiti ɗaya kuɗin tiya da yawa ta gero, masu hali su saya don ƙawa ko don rage ƙiba, talaka kuma ya ɗauka cewa maganin ɗansa na cikin waɗancan fakitoci da ba zai taɓa iya saya ba. Duk likitan da ya rubuta wa manomin Dankasari abincin kanti alhali rumbunsa na da gero ya ci amanar aikinsa.

Ina kira ga daraktan kiwon lafiya na jihar Doso da manyan likitocin gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri: ku sa wannan gwaji cikin kasafin shekara mai zuwa, ku buga takardar cima da Hausa, ku umarci kowane majo ya tambayi uwa abin da ɗanta ke ci kafin ya zarge ta. Gidajen rediyon ƙauyukanmu su ba wannan magana ko minti goma a mako. Ku kuma ƴan uwana masu zuwa dubiya, in kun ji yaro ya daɗe yana zawo ana sallamarsa yana dawowa, ku ce wa iyayensa su nemi a gwada shi, kuma ku daina jin kunyar shiga asibiti da ƙwaryar fura.